Mai Sanƙo Ya Kai Ƙarar Kitse

Mai Sanƙo: Likita, ranka ya daɗe, ƙarar kitse na kawo. An ce mini shi ne yake tayar da sinadaran homon a jiki har su cinye gashin kai, saboda haka yau wata uku ke nan ban bari maiƙo ya taɓa leɓena ba.

Likita: To, Malam, gashin ya dawo?

Mai Sanƙo: Ina fa! Ɗan abin da ya rage a ƙeya, wanda nake lallaɓawa kamar ƙwai, shi ma ya fara zama a kan matashi idan na tashi da safe.

Likita: Wannan kam kai ka kore shi. Wanda ya takura wa cikinsa farat ɗaya yakan ga gashinsa yana zuba bayan wata biyu zuwa uku, kuma bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da maiƙo.

Mai Sanƙo: Ke nan in koma in rungumi kitse, gashi ya tsiro?

Likita: Tumbi dai zai tsiro. Gaskiya ne da kolestarol, wani sinadari mai kama da kitse, jiki yake ƙera testostiron, wato homon ɗin maza, amma akasarin kolestarol ɗin jikin da kansa yake haɗa shi, musamman a hanta, don haka abin da cokali yake ƙara wa homon ko ya rage masa kaɗan ne. Mai laifin shi ne wani homon da ake kira DHT, wanda yake fitowa daga testostiron, yana tsuke tushen gashi sannu a hankali a kan wanda ya gaji hakan. Yaya kan mahaifinka yake?

Mai Sanƙo: Allah ya jiƙansa, idan rana ta haska shi sai mun kare ido. Amma shi ma ai masoyin kitse ne.

Likita: Kakanka fa?

Mai Sanƙo: Likita, a bar tone-tone. Faɗa mini waɗanda sanƙo ba ya kamawa, in ci abin da suke ci.

Likita: Akwai su kuwa. A shekarar 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga ba sa yin sanƙo, ko da kuwa gadon gidansu ne.

Mai Sanƙo: (Ya miƙe zumbur yana laluben hularsa.) Dandaƙa ka ce?

Likita: Zauna mana, Malam, ai ban kai ga maganar magunguna irin su minoxidil da finasteride ba tukuna.

Mai Sanƙo: Riƙe abinka, ranka ya daɗe. Yanzu da na sake shafawa, na ji sanƙon nan ya dace da ni ƙwarai da gaske.