Likitanmu na da biza, majinyacinmu ba shi da igama

A kudancin birnin Jidda akwai tsofaffin unguwanni irin su Karantina, kamar yadda Sharar Mansur take a Makka, inda mutum zai wuni yana jin Hausa a bakin masu sayar da abinci da masu dako kamar yana cikin Fagge. Wasu daga cikin mazauna wuraren jikokin mahajjatan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙafa ne tun kafin a fara jigilar alhazai da jirgin sama, wasu kuma sun shiga da bizar Umara ne suka yi zamansu. Su ne muke kira takari. Wanda ba shi da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, a cikinsu yana iya shekara goma yana aikatau ko wanki ko talla, yana aiko wa gida da abin sayen hatsi da kuɗin makarantar yara, ba tare da kowa ya damu da takardarsa ba. Ranar da ciwo ya kwantar da shi ne yake gane matsayinsa, domin abin da za a fara tambayarsa a teburin karɓar marasa lafiya shi ne katin zama da na inshora, shi kuwa ya san ƙarshen wannan tambaya na iya zama gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, da jirgin komawa gida.

Saboda haka mace mai naƙuda takan gwammace ta haihu a ɗaki a hannun wata tsohuwa da ta saba karɓar haihuwa, ko da kuwa jini ya ɓalle mata. Mai ciwon suga ko hawan jini yakan sayi magani bisa kwatancen wani da ya taɓa yin irin ciwon. Wani yakan ari katin ɗan'uwansa ya ga likita da sunan da ba nasa ba, abin da ke iya jawo a yi masa magani bisa tarihin lafiyar wani mutum dabam. Jaririn da aka haifa a ɗaki kuwa yakan tashi ba takardar haihuwa, ya gaji rashin takardar uwarsa tun bai san ma'anar kan iyaka ba.

A cikin wannan birni na Jidda ne aka kwantar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, daga watan Nuwamban 2009 har zuwa Fabrairun 2010, a ɗaya daga cikin asibitocin da suka fi kowanne kayan aiki a yankin. A asibitocin ƙasar kuma akwai likitoci 'yan Najeriya da suka yi karatu a Zariya da Kano da Maiduguri da Ibadan. A watan Agustan 2021, daidai lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suke yajin aiki a faɗin Najeriya, ɗaruruwan likitoci sun yi dafifi a wani otal a Abuja domin ganawa da masu ɗaukar ma'aikata zuwa Saudiyya. Mutum uku ke nan daga ƙasa ɗaya a gari ɗaya: shugaba a gadon asibiti, likita a bakin aiki, da 'yar aikatau da ke tsoron tunkarar ƙofar. A ganina wannan hoto ya fi duk wani jadawalin alƙaluma bayyana yadda aka raba lafiya a duniyar yau. An buɗe kan iyaka ga mai kuɗin da ke neman magani, an buɗe ta ga mai ilimin da ke ba da magani, sannan aka rufe ƙofar asibiti ga talakan da ya fi su duka bukatar maganin.

Birtaniya ce ta fi fito da wannan tsari fili, domin ita ta rubuta shi a doka dalla-dalla. Tun daga 2015 baƙo daga ƙasashe irin namu da zai zauna fiye da wata shida sai ya biya harajin lafiya tun wajen neman biza. An fara da fam 200 a shekara, aka kai shi fam 624 a 2020, sannan ya koma fam 1,035 a Fabrairun 2024, kuma ana biyan na dukkan shekarun bizar a dunƙule, ban da harajin albashi da baƙon zai riƙa biya kamar kowane ɗan ƙasa. Wanda ba shi da izinin zama yana iya ganin likitan unguwa ko ya je sashen gaggawa kyauta a Ingila, amma idan aka kwantar da shi za a caje shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, kuma tun daga 2017 ana neman kuɗin kafin a taɓa shi in dai ciwon ba na gaggawa ba ne. Ba a korar mai ciki, amma takardar bashi tana biyo ta gida bayan haihuwa, kuma bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba ana sanar da ma'aikatar cikin gida, ya zama dalilin hana ta izinin zama. A cikin 2020 ɗin da aka ƙara wa baƙi haraji, ƙasar ta ƙirƙiro biza ta musamman mai sauƙi da rahusa domin likitoci da ma'aikatan jinya, ta kuma yafe musu wannan haraji baki ɗaya.

Daga ina ake ɗebo waɗannan ma'aikata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa katutu har ta ce bai kamata ƙasashe masu arziki su je neman ma'aikata a cikinsu ba. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Amma ƙa'idar hukumar kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare, wadda aka amince da ita tun 2010, ta son rai ce, kuma ba ta hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, don haka kwararar ba ta tsaya ba. Ministan lafiya na Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Mafi yawansu a jami'o'in gwamnati suka yi karatu, da kuɗin da aka cire daga baitulmalin ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya, sun kuma koyi aiki a jikin talakawan da ke kwance a asibitocin koyarwa. Idan likita ya kammala wannan horo ya tashi zuwa Landan ko Riyad, ƙasar da ta karɓe shi ta samu ƙwararre ba tare da ta kashe ko sisi wajen renonsa ba. Wannan tallafi ne da matalauci ke bai wa mawadaci, kuma ba a rubuta shi a littafin bashi na kowace ƙasa.

Ba na ganin laifin likitan da ya tafi. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Wanda ke duba majinyata fiye da ƙima a rana guda, yana tiyata da hasken waya idan an ɗauke wuta, yana fargabar masu garkuwa da mutane a hanyarsa ta zuwa asibitin karkara, yana da hakkin ya nemi inda za a mutunta aikinsa. Sai dai wannan karin magana ba likita kaɗai ta shafa ba. Ita ma matar da ta bar ƙauyensu ta tafi aikatau a Jidda wutar ce ta koro ta, haka nan matan Kance da Matamaye na jihar Damagaram da ke ratsa Sahara da 'ya'yansu zuwa Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, mafi yawansu mata da ƙananan yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Har yau Aljeriya na kwaso baƙi tana zube su a kan iyaka, inda waɗanda ba 'yan Nijar ba kan taka kimanin kilomita 15 a cikin rairayi kafin su isa Assamaka, ƙauyen da ɗan ƙaramin asibitinsa da ma'aikatan agaji ke karɓar mutanen da yawansu ya ninka na mazauna garin. Talauci ɗaya ne ya tayar da su da likitan, amma ɗaya ana kiransa ƙwararre a tarbe shi a filin jirgi, ɗayar ana kiranta baƙuwar haure.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Ana cewa kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, asibiti da kuɗin haraji ake gudanar da shi, wanda ya karya dokar shiga ƙasa bai kamata ya ci moriyar abin da bai tara ba, kuma idan aka buɗe ƙofa kowa zai kwararo neman magani. Na yarda ƙasa tana da ikon ta ce wane zai zauna, wane zai fita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ma'aikaciyar jinya jami'ar shige da fice, a mayar da ɗakin haihuwa tarkon kama mutane. Aikin tsare iyaka yana da ma'aikatansa da wurarensa.

An ma gwada duka hanyoyin biyu, an ga sakamakonsu. A 2012 gwamnatin Sifaniya ta ƙwace katin lafiya daga hannun baƙi marasa takardu da sunan tsuke bakin aljihu. Binciken masana tattalin arziki daga baya ya nuna mace-mace sun ƙaru da kimanin kashi 15 cikin ɗari a tsakanin waɗannan baƙi, kuma a 2018 ƙasar ta mayar musu da hakkin. Italiya tun 1998 dokarta ta hana asibiti kai rahoton majinyaci mara takarda ga hukuma, Faransa kuma tun 2000 tana da tsarin kula da lafiyar baƙon da ya yi wata uku a ƙasar ko da ba shi da izini, duk da cewa 'yan siyasa ba su daina yunƙurin rage shi ba. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da asibitocinta suka durƙushe saboda haka. Dalilin a bayyane yake: mafi yawan masu ƙaura matasa ne majiya ƙarfi da suka je neman aiki, kuma hawan jinin da za a iya riƙewa da ƙwaya mai araha ya fi sauƙin kuɗi a kan shanyewar ɓarin jiki da za a kawo sashen gaggawa da tsakar dare. Tarin fuka kuwa ba ya tambayar igama kafin ya tashi daga ɗakin 'yar aiki zuwa ɗakin 'ya'yan maigida.

Ita kanta Saudiyya ta tabbatar da wannan. A ƙarshen watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa duk wanda ya kamu da korona magani kyauta, har da waɗanda suka saɓa dokar zama, ba tare da an hukunta su ba. Mataki ne mai kyau da ya cancanci yabo, ya kuma nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan an ga dama. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa jinƙan da aka yi wa mai tari, domin ana tsoron ya shafa wa wasu, ba za a yi wa mai naƙuda ba, alhali ita ranta da na jaririnta kaɗai ke cikin hatsari.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Abuja aka taru a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ta shafe fiye da shekara ashirin tana kewaya kashi 5. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa, shi ya sa wani kaso mai yawa na kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ke ƙarewa a kantin magani da ɗakin tiyata. 'Yar aikatau a Jidda tana hana kanta ganin likita domin ta biya kuɗin aikin idon mahaifiyarta a gida. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce Najeriya tana da rarar likitoci, a 2023 kuma aka kawo ƙudurin doka a majalisar wakilai na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Na farko musun ciwon ne, na biyu kuma ɗaure majinyaci ne maimakon yi masa magani. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, a can kuma Allah ya karɓi ransa a watan Yulin 2025. Ƙasar da shugabanninta ba sa kwanciya a asibitocinta muryarta ba ta da nauyi idan ta je nema wa talakawanta gado a asibitin wasu.

Duk da haka muna da abin ciniki a hannu, domin suna bukatar likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu, kuma bukatar ƙaruwa take yi yayin da al'ummominsu ke tsufa. Gwamnatin Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, wadda ta ƙunshi ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗaukar su. Ina ganin duk wata yarjejeniya irin wannan da za a sa wa hannu da Riyad ko Landan ya kamata ta ƙunshi sharaɗi biyu a rubuce. Na ɗaya, ƙasar da ta ɗauki likita ta zuba kuɗi a makarantar da ta horar da shi, gwargwadon abin da zai isa a horar da magajinsa. Na biyu, duk ɗan ƙasarmu da ke zaune a can, da igama ko babu, a karɓe shi a ɗakin haihuwa da sashen gaggawa da wurin rigakafin yara ba tare da an miƙa sunansa ga jami'an shige da fice ba. Ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar da ke Jidda kuma suna iya fara nasu aikin tun yanzu, ba sai sun jira wata yarjejeniya ba, ta hanyar yi wa yaran da aka haifa a ɗakunan Karantina rajista da ba su takardar shaidar ƙasar iyayensu.