Garwashi uku suka tara mini maƙwabta a Manchesta

Daren wata Asabar cikin sanyin Janairu kewar gida ta taso mini, na hura gawayi uku a ɗan kaskona na zuba turaren wuta, tagogi a rufe ruf. Ban jima ba wata farar na'ura mai girman sabulun wanka, da ke manne kusa da boilar dumama gida, ta dinga kuwwa kamar za ta tsaga kunne. Tsohuwar baturiyar da ke sama da ni ta sauko da rigar barci, ta bankaɗe tagogina ba ko sallama, ta ja ni waje cikin sanyi tana faɗa kamar ta kama yarinya da ashana.

Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta. Iskar kabon monoksaid, gubar da garwashi ke fitarwa, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Da ciwon kai take farawa, sai jiri da kasala, sai barcin da ba a tashi. A nan Ingila tun Oktoban 2022 dole mai gidan haya ya saka ƙararrawar gano wannan iska, irin farar na'urar nan, a ɗakin da boila take, kuma duk shekara ma'aikacin gas mai rajista ya zo ya duba, ya duba har launin harshen wutar, shuɗi ne ko ya koma rawaya, ya bar takarda.

Mu kuwa in aka wayi gari gida guda ba wanda ya tashi, sai a ce guba aka sa musu a tuwo, ko aikin iska ne. To iska ce kam, ta janareto.

Sai dai kar a ce mutanenmu ba su da hankali. Wanda ya shigo da janaretonsa soro ko ƙarƙashin bene ɓarawo yake gudu. Da NEPA na kawo wuta wa zai kwana da hayaƙi? Baturiyar nan ba ta taɓa kwana Kano a watan Afrilu ba fanka ba.

Na aika wa Hajiya ƙararrawa biyu, saboda kaskon da take kwana da shi duk hunturu. Na ce, "Hajiya, don Allah ki riƙa barin taga a buɗe kaɗan, ki fitar da garwashin kafin ki kwanta." Ta ce to, Allah Ya yi albarka. Makon jiya ƙanwata ta gaya mini batiran suna cikin rediyo.