Kotun nan ta ishe ni

Wallahi na gaji! Wata uku ina fama da shafin intanet na kotun gundumarmu a nan Amurka, ni da mijina mun yarda mu rabu lafiya, ba rigimar yara ba ta dukiya, amma kullum sai a dawo min da takardu. Yau sa hannu bai fito ba, gobe babu hatimin notari mai tabbatar da sa hannu, jibi PDF ya yi nauyi, haba! In cike fom har tsakar dare, ina danna tura ya fitar da ni, in koma farko. Na kira magatakarda ya ce shi ba lauya ba ne, to wa zan tambaya, aljani? Ga daloli ɗaruruwa na biya, sai na yi furfura za a raba auren?