Haidurojin daga sukari? Ku zo Mile 12 tukuna

Wani labari ya ce bakteriya za su ci sukari su fitar da iskar haidurojin ta maye gurbin fetur, amma rabin zancen aka faɗa. Bakteriya irin su Clostridium, in an toshe musu iska, iyakarsu ƙwayar haidurojin 4 daga ƙwayar gulukos (wani nau'in sukari) ɗaya, alhali a lissafi har 12 za a iya samu; sauran duk ruwan tsami ya koma. Ga mai cewa labarin ƙarya ne, a'a, abin yana yiwuwa. To amma da wane sukarin? Wanda mai shayinmu a Agege ke auna wa da rabin cokali saboda tsada? Kullum a kasuwar Mile 12 ta Legas ruɓaɓɓen tumatir da kankana mota-mota ake kwasa zuwa juji, ƙuda na bi. Tunda akwai sukari a cikinsu, me ya hana a gwada da su?