Yaron da ya ci duniya da dara, da namu da muke kora daga gindin bishiya

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita.

A unguwarmu nan Birnin Kebbi akwai gindin dalbejiya inda dattawa ke zama bayan la'asar su yi dara. Gurabe talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Ɗan yayana, yaro ɗan shekara tara, ya fi wata biyu yana tsugunne a gefe yana kallo, ba ya cewa uffan. Ran nan wani dattijo ya rasa abokin wasa, ya ce, "Zo nan ɗana, zauna." Sau uku a jere yaron ya cinye shi. Dattijon ya tura hula gaba, ya ce, "Wallahi yaron nan kafin in ɗaga hannu ya san inda za ni." Da labari ya kai gida, abin da Yaya ya ce shi ne, "Kada in ƙara ganin ka can, wasan marasa aikin yi ne." Na ga yadda yaron ya sunkuyar da kai, tsakuwarsa na cikin aljihu.

Tun daren nan Gukesh Dommaraju nake tunani, yaron da ya ci kambun duniya a darar ces, wato shaɗaranji.

An haife shi a 2006 a Chennai ta ƙasar Indiya. Yana ɗan shekara bakwai ya fara darar ces, a shekarar da aka yi karawar zakaran duniya a garinsu tsakanin Viswanathan Anand da Magnus Carlsen, wato 2013. Anand ɗan garin ne, kuma a gaban mutanensa ya rasa kambun. Yaron ya ga haka da idonsa, ya ƙudurta cewa shi zai dawo da kambun gida. A Janairun 2019, yana da shekara 12 da wata bakwai, ya kai matsayin babban gwani, wanda suke kira girandimasta. A Afrilun 2024 ya lashe gasar fitar da mai ƙalubalantar zakara a Toronto. Ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo ya ƙwace kambun, ya kayar da zakaran duniya na lokacin, Ding Liren na ƙasar Sin, a wasa na 14, na ƙarshe, bayan Ding ya yi kuskure ɗaya a lokacin da kowa ya ɗauka canjaras za a tashi. Yana da shekara 18. Garry Kasparov da ake ta ambato, shekararsa 22 lokacin da ya ci kambun a 1985. Na kalli bidiyon ya fi sau goma: yaro yana kuka, hannu na rawa, amma bai tashi ba sai da ya mayar da 'ya'yan darar kowanne gurbinsa. Tarbiyya ke nan.

Amma ni ba kukan ne ya tsaya mini a rai ba, iyayensa ne. Mahaifinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa bin yaron gasa zuwa gasa, ƙasa zuwa ƙasa. Mahaifiyar, masaniyar ƙwayoyin cuta, ita ta riƙe gida da albashinta. Da kuɗi suka ƙare, abokan iyayen ne suka yi karo-karo. Malaminsa Vishnu Prasanna ya hana shi dogaro da kwamfuta shekaru da dama, ya ce sai ya koyi lissafi da kansa tukuna. Daga baya Anand ya jawo shi makarantarsa ta horar da matasa. Ku ƙirga manya nawa suka tsaya a kan wasan yaro guda.

Kada a fahimce ni a baibai. Gukesh ya daina zuwa aji kullum tun yana firamare, kuma ni ba zan ba kowa shawarar haka ba, balle a nan da muke fama a kai yara makarantar ma. Na kuma san malamai sun yi saɓani a kan shaɗaranji tun da can, kuma waɗanda suka sassauta sun gindaya sharaɗi: ba caca, ba sakaci da salla, ba zage-zage. Na yarda da sharuɗɗan nan ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ga yaro yana hango taku huɗu gaba, a ce masa zaman banza yake. Shi wannan yaron in an bar shi da waya yana kallon shirme har sha biyun dare, ba mai tanka masa.

Najeriya da yawanta har yau ba ta fitar da girandimasta ko ɗaya ba. Zambiya ta fitar da Amon Simutowe, Masar tana da su Bassem Amin. Tunde Onakoya, ɗan wasan ces na Najeriya, ya shiga unguwannin talakawa na Legas da allo ya nuna cewa yaran da aka raina suna iya wa. To mu da dara ta zama gado, daga Zuru har Argungu, me ya hana makarantun firamare su ware sa'a ɗaya a mako? Ba fili ake nema ba, ba wuta, ba takalmi. Allo ne da benci da malami ɗaya mai haƙuri.

Na sa an kawo mini allon ces daga Sakkwato. Na je na durƙusa gaban Yaya, na ce, "Yaya, ka ba ni shi Asabar da Lahadi bayan Islamiyya, in sakamakonsa na makaranta ya yi ƙasa, ni da kaina zan naɗe allon." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Zango ɗaya na ba ka." Mako uku ke nan da farawa. Tafiyar doki, ɗaya daga cikin 'ya'yan ces, ita ce ta fi ba shi wuya, kwana biyu ya yi yana bin ta da yatsa a kan tabarma. Jiya da yamma da dokin nan ya kama mini sarki da sarauniya a taku ɗaya, Yaya yana tsaye bakin zaure yana kallo.