Baƙin tabon tafin ƙafa ba abin jiƙo ba ne

Jama'ar Kebbi, akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa sun samo sabon salo, wai garin maganinsu yana ƙara garkuwar jiki har ta cinye ciwon daji. Rabin gaskiya suka tsinta suka ɗora ƙarya a kai, kuma talakan da ke da daji a ƙafa shi ke biya da ransa.

Lalle garkuwar jiki tana yaƙar daji. A cikin jininmu akwai wasu ƙwayoyi da ake kira NK, waɗanda aka gano a 1975 a Suwidin da Amurka. Kusan kowace lafiyayyar ƙwaya a jiki tana ɗauke da wata shaida a bayanta. Dajin fata da ake kira melanoma yakan cire wannan shaida don ya ɓace wa ƙwayoyin T, manyan mayaƙan jiki, domin ta nan suke gane shi. To su kuwa NK kamar 'yan sintirin bakin gari suke, duk wanda suka tare ba shi da shaida, nan take su gama da shi. Ikon Allah ke nan. Sai dai ƙarin idan ya yi ƙarfi yakan fitar da sinadarai irin su TGF-beta, su kashe wa NK jiki, su zama suna nan amma ba sa taɓuka komai.

Nan ne aikin likitoci ya shigo. A 1998 Amurka ta amince a yi wa masu melanoma magani da interleukin-2, mai zaburar da NK da T gaba ɗaya, amma yana jigata majiyyaci ƙwarai, kuma kaɗan ne suka amfana. A 2011 wani magani mai suna ipilimumab ya fito, a 2014 pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya, aikin da ya jawo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Waɗannan ba sa kashe daji da kansu, takunkumin da ya sa wa ƙwayoyin T suke cirewa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 2018: majiyyatan da aka samu NK da yawa a cikin ƙarinsu sun fi karɓar maganin, saboda NK ne ke kirawo ƙwayoyin da ke nuna wa T inda abokin gaba yake. A wani babban gwaji da aka haɗa nivolumab da ipilimumab, kashi 52 cikin 100 na masu dajin da ya yi nisa suna raye bayan shekara 5, alhali a da watanni ake ƙirgawa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda nasa ya kai hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, da irin wannan magani aka yi masa, ya rayu har shekara 100.

Ina murna da wannan har zuciyata. Amma mu dubi namu halin. Maganin nan ruwa ne ake ɗaura wa mutum a jijiya duk bayan 'yan makonni, kuɗinsa miliyoyin naira, kuma sai da likita a kusa, don garkuwar da aka kwance tana iya juyowa kan hanji ko huhu. Sannan irin melanoma da ta fi kama baƙar fata a tafin ƙafa take fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, kuma ita ba ta karɓar waɗannan magunguna kamar irin wadda rana ke jawo wa Turawa.

Ku dubi manomin shinkafa a fadamar Argungu. Ƙafa cikin laka tun asuba, diddige duk faso. Baƙin tabo ya fito, ya ce ƙaya ce. Ya faɗaɗa, gefensa ya karkace, ya fara tsattsafo da jini, a ce jifa ya taka. Wanzami ya tsaga, a shafa gari, a ɗaure da tsumma. Ana ta faɗa masa daji ba ya son ƙarfe, kada ya yarda a yanka. Sai kaluluwa ta kumbura a matsematsi sannan a nemi mota zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Wallahi wannan jinkirin ne ke kashe mu, domin melanoma idan aka kama ta tana sama-sama, fiɗa kaɗai tana iya raba mutum da ita.

Ni dai roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye su riƙa cewa baba ya cire takalmi a duba tafin ƙafarsa, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi. Ku kuma 'yan'uwa, idan iyayenmu sun zauna alwala, ku sunkuya ku duba. Tabon da ke girma, ko mikin da ya ƙi warkewa, ko baƙin layi a farce da ke faɗaɗa, a kai asibiti a ɗebi naman a gwada kafin kowa ya sa aska a wurin.