Ciwon kan da tushensa yake a wuya

'Yan uwa matasa, don Allah ku daina watsa farasitamol a baki kamar gyaɗa duk sanda kai ya sara. Akwai ciwon kan da daga wuya yake tasowa, kuma ƙwaya lafar da shi kawai take yi. Mai shan ta kwana 15 ko fiye a wata, ita kanta tana iya jawo masa wani ciwon kan.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne. Jijiyoyin ukun sama suna haɗuwa da jijiyar da ke kula da goshi da ido, shi ya sa in gaɓa ta ƙage a ƙasan ƙeya sai ka ji zafin a bayan ido. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, gammo kuma ba ya rage nauyi. Haka mai wuni a sunkuye yana dashen shinkafa a Kadawa ko fadamar Haɗeja, da dare kuma ya duƙa a kan waya. Waɗannan gaɓoɓin yake gallaza wa.

Irin wannan ciwon, gefe ɗaya na kai yake kamawa, ba ya sauya gefe, daga ƙeya ya hau goshi. Don ka gwada, zauna a miƙe, ka waiwaya dama sannan hagu a hankali. Lafiyayyen wuya yana kai haɓa kusa da saitin kafaɗa. In gefe ɗaya ya cije, ciwon kuma ya motsa, ka lura. Sai ka danna ramin ƙasan ƙeya da babban yatsa. In ciwon da ka saba ji ne ya taso, faɗa wa likita haka dalla-dalla, domin hoton ƙashi shi kaɗai ba ya tabbatar da shi. Ciwon ɓarin kai kuwa bugawa yake kamar ganga, ga tashin zuciya da ƙin haske.

Kada ka miƙa wuyanka ga aboki ya murɗa har ya yi ƙas, akwai hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a wurin. Nemi sashen gashin ƙashi a babban asibiti.

Amma in zazzaɓi ya haɗu da ƙagewar wuya, musamman lokacin zafi, sanƙarau ake tsoro. Shi, da ciwon kai bayan faɗuwa daga babur, da wanda ya zo da mutuwar hannu ko karkacewar baki, a ɗauki mutum zuwa asibiti a take, ko da tsakar dare ne.